Taragon nan nawa ya ƙi tsufa, wa zai koya mini fentin tsatsa da ƙura?

Bazazzagi87:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu hannu a harkar fenti. Yayana da ke Ingila ya aiko mini da ƙananan taragun jirgin ƙasa na wasa guda huɗu ƙirar kamfanin Hornby, na hannu ne, biyu rufaffu biyu buɗaɗɗu, da ɗan layin dogonsu. Matsalar ita ce sheƙi suke yi kamar sabon bokitin roba. Ni kuwa so nake su yi kama da waɗanda na tashi ina gani a tashar jirgi ta Sabon Garin Zariya, masu tsatsa da ƙura. Na gwada ɗaya daga cikin rufaffun, na shafa masa fenti ruwan ƙasa da burushi. Fentin ya cike layukan katakon, rubutun jikinsa ya ɓace, har yau kwana uku yana danƙo. Sauran ukun ban taɓa su ba. Ta ina ake farawa?

MaiFeshi_Kwangila:
Wa alaikumus salam. Wane irin fenti ka sa, kuma da me ka tsinka shi?

Bazazzagi87:
Fentin mai ne na gwangwani, ragowar wanda aka yi wa ƙofar gidanmu. Ban tsinka shi da komai ba.

MaiFeshi_Kwangila:
To ga matsalar nan. Fentin ƙofa kauri gare shi, a jikin abin da bai kai tsawon tafin hannu ba sai ya binne komai. Amma ka gode wa Allah da ba ka tsinka shi da tinar da muke feshin mota da ita ba. Wannan tinar cin roba take yi, jikin taragon zai yi laushi ya yamutse, kuma ba gyara. Fetur ma kada ka kusanto da shi.

Maman_Ilham:
Ƙanina, ni zane na karanta a ABU, kuma na yi wa yarana irin wannan aikin a kan ƙananan motoci. Abu na farko da za ka sa a ranka: ba sake wa taragon fenti za ka yi ba. Launin da kamfani ya sa yana nan, da rubutunsa. Aikinka shi ne ka ɗora masa datti kaɗan-kaɗan.

Ka fara wanke shi da ruwa da sabulu da tsohon burushin haƙori, saboda maiƙon hannu, ka bari ya bushe. Sai ka cire ƙafafun. Sai ka fesa masa banish marar sheƙi, wato ruwan nan marar launi da ake rufe fenti da shi, feshi ɗaya siriri daga nesa kamar taƙi guda. Wannan kaɗai zai kashe rabin kamannin abin wasan da ke damunka, kuma shi ne zai ba abin da za ka sa daga baya wurin kamawa.

Bayan kwana ɗaya ka nemi fentin akirilik na masu zane, wanda ruwa ke tsinka shi. Launi huɗu sun ishe ka: baƙi, fari, da wanda aka rubuta Burnt Sienna a jikinsa, shi ne mai kalar tsatsa, da Raw Umber, ruwan ƙasa mai duhu. Ka haɗa Raw Umber da ɗigon baƙi, ka zuba ruwa kamar kashi goma, har ya koma kamar ruwan shayin da ba madara. Ka ɗiga sabulun ruwa ɗan mitsitsi don kada ya taru ya yi ƙwallo a jikin roba. Ka shafa, za ka ga ya gangara da kansa cikin tsagin katako da gefen ƙusoshi. Kafin ya bushe ka share tsakiyar kowane katako da auduga mai ɗan laima, daga sama zuwa ƙasa kullum, domin haka ruwan sama ke wanke tarago.

Bazazzagi87:
Allah ya saka da alheri Anti. Na rubuta duka a takarda.

Baba_Reluwe:
Jikana ke rubuta mini, ni ke faɗa. Ɗana, na yi aiki a Reluwe har na yi ritaya, mahaifina ma can ya yi. Akwai gyara a maganarka. Waɗanda kake gani an jingine a gefen tasha ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, waɗannan matattu ne. Tarago mai aiki ba haka yake ba. Sai ka zaɓi wanda kake so ka yi.

Mai aiki, dattinsa daga ƙasa yake hawowa. Duk lokacin da aka ja birki, ƙarfen birkin yana gugar ƙafa yana zubar da gari, garin nan ya manne a ƙarƙashi ya yi tsatsa. Shi ya sa ƙasan tarago ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne mai ja-ja, ko da an yi masa baƙin fenti tun farko. Wurin da gatarin ƙafa ke juyawa kuwa, nan baƙi ne wuluk mai maiƙo, don ana zuba masa mai, ƙura ta zo ta kwanta a kai. Inda hannu ke kamawa, sakatar ƙofa da marikin hawa, sheƙi suke don guga. Titin da ƙofa ke zamewa a kai yana da kwarzane a kwance. Kuma muna rubutu da alli a jikin tarago, inda za shi ko lambar layin da za a tura shi, wani ya goge da hannu ya rubuta sabo a kan tsohon.

Rufin sama ya danganta da zamani. Lokacin da na kama aiki akwai sauran injinan kwal, gawayin Inugu suke ci, hayaƙinsu yana sa rufi ya yi baƙi-baƙi kamar saman ɗakin girki. Bayan dizal ta karɓe, rana ce ke cin rufin, ya koɗe.

Kafinta_Muciya:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan bayanin ko a littafi ba za a samu ba.

Baba_Reluwe:
Amin. Kuma a tuna Zariya mahaɗa ce, kaya iri-iri ke ratsawa a lokacinmu. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa nan a 1911. Daga nan wani ya tafi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, ya isa can a 1929. Akwai kuma ɗan siririn layi da ya tashi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, aka rufe shi a 1957, shi a bakin mahaifina na ji labarinsa. Taragon da ya ɗauko buhunan gyaɗa daga Kano dabam yake da na shanu. Na shanu ƙasansa kashi ne da fitsari, katakon ƙasa-ƙasa ya yi duhu. Na auduga za ka ga zare-zaren fari sun maƙale a tsagin ƙofa. Na tankin mai, baƙin layi ne ke gangarowa daga bakin murfi.

Injiniya_Basawa:
Ba don in rage wa kowa ƙarfi ba, amma taragun Hornby na Ingila ne, ba za su taɓa zama na Najeriya sak ba. Ma'auninsu OO ne, kashi 1 cikin 76, layinsu milimita 16.5. Tsohon layinmu faɗinsa ƙafa uku da inci shida, wato milimita 1067. In ka raba da 76, wajen milimita 14 ke nan. Shi ya sa masu ƙera irin jiragen Afirka ta Kudu da Niyu Zilan, waɗanda faɗin layinsu ɗaya da namu, wasu ke amfani da kashi 1 cikin 64 a kan layin 16.5, wasu kuma kashi 1 cikin 87 a kan layin milimita 12. Sannan taragun Ingila suna da ƙahonni biyu gaba da baya na tare karo, namu mahaɗi ɗaya ne a tsakiya. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1435 ne, irin na Ingila.

ƊanHanwa:
Injiniya, mutum ya tambayi fenti ka kawo masa lissafi. Wa zai zo ɗakinsa da tef yana awo?

Injiniya_Basawa:
Shi ya ce yana so su yi kama da na Sabon Gari. Gara ya sani tun yanzu.

Bazazzagi87:
Na gode Injiniya, ban san da wannan ba. Ƙahonnin zan bar su yanzu. Kamannin tsufan nake nema, kuma bayan maganar Baba na yanke shawara mai aiki zan yi, ba matacce ba.

Alhaji_PZ:
Ni fa ban gane ba. Kaya sun zo daga waje lafiya lau, ka ɗauki tsatsa da hannunka ka shafa musu? In ka tashi sayarwa wa zai saya? Ka sa su a kabad ɗin gilashi yadda suke. Ɗaya ka riga ka yi asararsa, ka tsira da ukun.

Maman_Ilham:
Alhaji, maganarka tana da ƙamshin gaskiya in abin tsohon ƙira ne da ba a samu, yana cikin kwalinsa. Amma waɗannan na hannu ne na yau da kullum. Kamfanonin da kansu suna fitar da wasu da dattinsu tun daga masana'anta, kuma mutane na saye. Mai layin dogo da tasha da bishiyoyi a kan tebur, in ya ɗora tarago mai sheƙi sai ya ɓata masa komai.

Alhaji_PZ:
To Hajiya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni dai nawa ba mai taɓa su.

ƊanHanwa:
Mu koma kan ƙura. Ni ba na sayen komai. Jar ƙasa na ɗebo a bayan gidanmu, na shanya, na daka a turmi, na tankaɗe da tsohon ɗankwali sau biyu har ta yi laushi kamar hoda. Da busasshen burushi nake shafawa a ƙasan tarago. Kalar ƙasarmu ce ta gaske, babu fentin da zai ba ka ita. Tsatsa ma haka, soson ƙarfe na jiƙa a ruwan binega na bar shi kwanaki har ya narke ya bushe, na murje.

Injiniya_Basawa:
Nan kam dole in yi magana. Cikin kan jirgin akwai mota, wato ɗan injin lantarki, mai maganaɗisu. Garin tsatsa da duk ƙasar da ke da ɓurɓushin ƙarfe, in ta zuba a layi, motar za ta zuƙe ta. Ka ratsa maganaɗisu cikin garin ƙasarka tukuna, ka ga abin da zai ɗauko. Tsatsar soson ƙarfe kuwa in ka sa dole ka rufe ta da banish. Kuma fuskar ƙafa da ke taka layi a bar ta fes, wuta ta layin take bi.

ƊanHanwa:
Wannan kam na karɓa. Nawa ba sa tafiya, ajiye suke, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Maman_Ilham:
Wanda ke tsoron ƙasa ya sayi allin masu zane mai laushi, wanda ake ce wa fastel, ba mai maiƙo ba. A goga shi a samfefa ya zama gari. Abin da za a sani shi ne banish yana cinye shi, musamman launuka masu haske. Ka sa ƙura ta yi maka daidai, ka fesa banish, rabinta ta ɓace. Sai an maimaita sau biyu ko uku.

Kuma ƙura ba iri ɗaya ba ce. Ta hunturu fara-fara ce mai ɗan toka, daga sama take sauka, ta kwanta a rufi da duk wani gefe da ya turo. Ta damina taɓo ne ja da ya fallatso daga ƙasa. Ka zaɓi wata ɗaya a shekara ka tsaya a kansa.

Malam_Gyallesu:
Ku gafarce ni, amma magidanta da gemu a zauna ana shafa wa abin wasan yara ƙasa? Lokacin nan da an sa shi a wani abin.

Malama_TudunWada:
Malam, wanene a cikinmu bai ga yayyensa suna ƙera motar kara da ta langa-langa ba? A fere totuwa a yi fitila, a yanka tsohon silifa a yi taya. Hannu ɗaya ne, kayan aikin ne suka canja. Ina koyarwa a firamare, kuma a ajina akwai yaran da gidajensu ba su da nisa da layin dogo amma ba su taɓa shiga jirgi ba, ba su san gyaɗa da auduga ta nan suka bi zuwa teku ba. In Bazazzagi ya gama aikinsa ina roƙon ya ara mini kwana ɗaya in kai aji.

Bazazzagi87:
In sha Allahu Malama, da hannuna zan kawo.

Kafinta_Muciya:
Bari in sa baki kan buɗaɗɗun, tunda cikin su katako ne. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya yi wa katako launin ruwan ƙasa. Je ka dubi bencin da ya shekara biyar a rana a bakin kasuwar Sabon Gari, toka-toka ne mai ɗan fari. Ka fara jan samfefa mai laushi a tsawon kowane katako, hanya ɗaya, don ya yi ƴan layuka. Ka sa launin toka mai haske da ɗan ruwan ƙasa kaɗan. Kada ka yi musu kala ɗaya duka, wani ya fi wani duhu, ɗaya ko biyu ka yi su launin sabon katako kamar an canja su a wajen gyara. Sai ka bi da ruwan shayin nan na Maman Ilham. Daga ƙarshe ka tsoma burushi a fenti mai haske, ka goge shi a tsumma har ya zama kamar ba komai a jiki, ka ja shi a kan gefuna. Nan za ka ga ƙusoshi da kusurwoyi sun fito.

Sheƙin da Baba ya ce na sakata da mariki, fensir na makaranta ya isa. Ka goga bakinsa a wurin, ka murza da yatsa.

Sadauki_Wusasa:
Akwai dabarar gishiri ga wanda ke son fenti mai ɓarewa. A fara yin launin tsatsa a bari ya bushe sarai, a jiƙa wurin da ruwa kaɗan, a barbaɗa gishiri, ya bushe, a fesa launin sama, sannan a kankare gishirin da burushi. Tsatsa za ta leƙo ta ƙasa. Amma sai da feshi take yi, burushi zai share gishirin. Ni na fi son guntun soso: a yage shi, a taɓa fenti, a dangwala a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan a dangwala a gefen ƙarfe.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya same ni. Bara a watan Agusta na fesa banish da yamma bayan an ɗauke ruwa, gari da laima. Da safe taragon ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Aikin sati biyu ne. A damina a jira rana ta buɗe, a girgiza gwangwanin sosai.

MaiFeshi_Kwangila:
Haka yake mana a jikin mota ma. Hunturu kuma nasa matsalar dabam, fenti na bushewa kafin ya zauna, ƙura na sauka a kai. Ka kife kwali a kan aikin da zarar ka gama.

Maman_Ilham:
A hunturu ina shimfiɗa tsumma mai laima a faranti, in ɗora takardar gashin kek a kai, in matsa fentin a nan. Yana kai awanni bai bushe ba.

Bazazzagi87:
Salam. Bayan kwana tara na dawo da rahoto, ga hotuna uku na ɗora. Rufaffen na biyu ne. Na yi banish, na yi ruwan shayi sau biyu, ƙasan na bi shi da Burnt Sienna haɗe da Raw Umber, na sa baƙi a wurin gatari, na yi fensir a sakata. Rubutun alli da fensir fari mai tsini na yi. Ƙurar hunturu na zaɓa. Da na ajiye shi kusa da wanda ban taɓa ba, mahaifiyata ta ɗauka ta juya shi ta ce irin wannan ne suka bi a baya lokacin da aka kai ta Gusau tana amarya. Na daɗe ban ji daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Kafinta_Muciya:
Ma sha Allah. Tsagin katakon ya fito. Hannunka ya faɗa.

Baba_Reluwe:
Jikana ya buɗa mini hoton ya ƙara girmansa. Ƙasan ya yi, haka yake. Wurin mai ma ya yi. Gyara biyu. Layukan tsatsar da ka ja daga rufi sun yi yawa kuma tsawonsu ɗaya, kamar an jera su. Tsatsa daga ƙusa take fitowa ko inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, wata doguwa wata gajera, wani wurin babu. Katako ba ya tsatsa, sai dai ta gangaro masa. Na biyu, rubutun allin ya yi sama. Mutum a ƙasa yake tsaye yana rubutu, iya inda hannunsa ya kai.

Maman_Ilham:
Baba ya gama magana kan tsatsa. Amma rufin ni a ganina ya yi fari da yawa, ya janye ido daga jikin.

ƊanHanwa:
A'a Anti, rufin daidai yake. Ki dubi kwanon gidajen Hanwa a watan Janairu.

Sadauki_Wusasa:
Hasken waya ne ya ƙara masa. A ɗauke shi a waje da hantsi mu gani.

Bazazzagi87:
Zan ɗauka gobe in sha Allahu. Baba na gode, zan rage layukan tunda ban rufe su da banish ba tukuna. Saura na farkon da na ɓata da fentin ƙofa. Akwai yadda za a cire shi?

MaiFeshi_Kwangila:
Man birki na mota yana ɗaga fentin mai, amma wata robar yana sa ta gautsi ta tsage. Ka ɗiga a ƙarƙashi inda ba a gani, ka bar shi awa ɗaya ka duba. In lafiya, ka cire ƙafafu ka jiƙa gangar jikin, ka riƙa dubawa kana gogawa da burushin haƙori, sannan ka wanke da sabulu sosai. Ka sa safar hannu, kuma nesa da yara. Rubutun kamfani kam zai tafi tare da fentin.

Baba_Reluwe:
Kada ka cire duka. Ka bar shi a matsayin matacce, ka yi masa ɗan guntun layi a gefe, ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsa, ƙofa ɗaya a buɗe. Kowace tasha tana da irinsa. Shi ne za ka zuba wa tsatsar da ka rage a wancan.

Injiniya_Basawa:
In za a bi ta Baba, saman layin da yake kai ma a yi masa tsatsa, kuma a raba shi da wutar sauran layin.

Bazazzagi87:
Danƙon ne bai daina ba har yanzu. Zan gwada man birkin a gefe ɗaya in ga yadda robar za ta yi, ɗaya gefen in bar shi. Maman Ilham, ciyawar da me ake yin ta?